Yarinyar da Ba a Haifa Ba Ta Shiga Mujallar Vogue: Ina Aka Bar Masu Rai?

Yau filin namu zai yi tafiya mai nisa, har birnin New York na ƙasar Amurka, inda ake buga mujallar nan Vogue, wadda aka kafa tun 1892, wadda kuma masu sha'awar ado a duniya suka ɗauke ta tamkar uwa ga sauran mujallun kwalliya. Na san wata za ta ce, mu da ke fama da tsadar atamfa ina ruwanmu da mujallar Turawa? To, a yi haƙuri a biyo ni, domin hoton da aka buga a can ba ya kwana biyu sai ya iso wayar 'yarki, daga nan kuma sai shagon telanki.

A fitowar watan Agusta na 2025, mujallar ta ɗauko tallar wani kamfanin tufafi mai suna Guess, wadda ta cinye shafi biyu. A shafi ɗaya ga wata Baturiya mai gashi ruwan zinariya zaune a bakin tebur, a ɗayan kuma ga ta tsaye ta jingina da bango cikin doguwar riga, tana riƙe da jaka. Fata sumul, haƙora a jere kamar an auna, babu tabo ko na ƙurji. Sai wanda ya ƙura ido ƙwarai ne zai hangi wani ɗan mitsitsin rubutu a gefe, mai nuna cewa da kwamfuta aka yi hoton, watau da abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Ma'ana dai babu wannan yarinya a doron ƙasa. Ba a haife ta ba, ba ta da uwa ba ta da uba, ba ta taɓa sa rigar nan a jikinta ba, balle a ce ta matse ta ko ta yi mata yawa.

Wani ƙaramin kamfani mai suna Seraphinne Vallora ne ya ƙera ta, kuma abin da zai ba ku mamaki shi ne mata biyu ne ke da kamfanin. Sun shaida wa BBC cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Guess, Paul Marciano, shi ya nemo su, suka zana masa 'yan mata goma, ya zaɓi biyu daga ciki. Da magana ta fasu sai ƙura ta tashi. Masu karatu suka yi ta Allah wadai, wasu suka ce sun bar sayen mujallar, masu sana'ar tallan tufafi kuwa suka ce an zo a raba su da abincinsu. Ita Vogue abin da ta ce shi ne talla ce aka biya aka sa, ba editocinta suka tsara ba. Wannan gaskiya ne, amma ba ya wanke ta, gama mujallar da ta shekara fiye da ɗari tana zaɓar abin da ya cancanci shiga shafinta ba za ta ce ba ta ga abin da aka kawo mata ba.

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu yi wa kanmu adalci a kan abu ɗaya. Hoton mujallar ado bai taɓa zama gaskiya tsantsa ba, tun ran gini tun ran zane. Masana wannan fanni sukan kai asalinsa ga 1911, lokacin da wani mai ɗaukar hoto, Edward Steichen, ya ɗauki rigunan wani shahararren telan Faransa, Paul Poiret, aka buga a wata mujalla ta birnin Faris. Kafin nan zane ake yi da hannu, ko kuwa a ɗauki hoton riga don dai a ga ɗinkinta. Shi Steichen sai ya sassauta haske, ya sa matan suka tsaya a jikin matakala da madubi, hoton ya fito kamar mafarki. Tun daga ran nan abin da ake sayarwa ya tashi daga riga ya koma mafarkin. A 1955 Richard Avedon ya tsayar da wata mai talla da ake kira Dovima tsakanin giwaye, sanye da baƙar rigar kamfanin Dior, aka buga a mujallar Harper's Bazaar. Wace mace ce za ta sa rigar dare ta shiga tsakanin giwaye? Babu. Amma hoton ya yi kyau har a 2010 aka yi gwanjon kwafinsa ɗaya a kan kuɗi fiye da dala miliyan ɗaya. Ni kaina ba na musun cewa wannan fasaha ce, kuma wadda ta taɓa ganin hoton ta san ba aikin wasa ba ne.

Gyaran hoto ma ba yau aka fara ba. Tun zamanin fim da ake wankewa a ɗaki mai duhu akwai masu bin fuska da fensir da ɗan buroshi suna share tabo suna rage ƙugu. Da Photoshop ya fito a 1990 sai aikin da ke cin kwana ya koma na 'yan mintoci. Mujallar New Yorker ta taɓa ba da labarin wani gwanin gyaran hoto, Pascal Dangin, wanda a fitowar Vogue ta watan Maris na 2008 kaɗai ya sa hannu a hotuna 144: talla 107, hotunan ado 36, da kuma na bangon mujallar. Wani lokaci ma hannun yakan zarce. A 2009 kamfanin Ralph Lauren ya fito da tallar wata mai suna Filippa Hamilton da aka tsuke ƙugunta har kanta ya fi kwankwasonta faɗi, sai da kamfanin ya fito ya amsa laifinsa.

To in haka ne, me ya sa ake kuka yanzu? In an riga an saba da rage ƙugu da share tabo, mene ne bambanci in an ƙera yarinyar gaba ɗaya? Masu kare wannan sabon abu haka suke tambaya, kuma tambayar tana da nauyi. Na jima ina juya ta. Amsar da na samu ita ce: a da, kome yawan gyaran da aka yi wa hoto, akwai mace mai rai a bayansa, wadda ke da baki, wadda kan iya buɗe mujalla ta ce wannan ba ni ba ce. Kusan duk wani ci gaba da baƙar mace ta samu a wannan sana'a ta bakin irin waɗannan matan ya zo.

Bari mu ɗauko daga farko. Sai a watan Maris na 1966 baƙar mace ta fara hawa bangon Vogue ta Ingila, watau Donyale Luna, ita ma da hannunta rufe da rabin fuskarta. Vogue ta Amurka kuwa sai da ta shekara 82 sa'an nan ta sa Beverly Johnson a bango, a watan Agusta na 1974. Ba editoci kaɗai ne suka tare hanya ba, har kayan aikin ma ba don mu aka yi su ba. Kamfanin Kodak, wanda ya mamaye kasuwar fim a wancan zamani, yana da wani kati da yake raba wa masu wanke hoto don su daidaita launi, kuma hoton wata Baturiya ne a jikinsa, ana kiransa katin Shirley. Duk hoton da aka wanke da farar fatarta ake auna shi. Shi ya sa baƙar fuska takan fito dusu-dusu, ba a ganin kome sai ido da haƙori. Wata malama a jami'ar Concordia ta ƙasar Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin wannan, ta gano cewa cikin abubuwan da suka sa Kodak ya gyara fim ɗinsa har da koken masu sayar da cakulan da masu kujerun katako, waɗanda suka ce ba a bambance launin hajarsu a hoto. Ku duba fa, sai da cakulan ya yi ƙara sa'an nan aka tuna da mu.

A cikin wannan hali Iman ta iso New York a 1975. 'Yar Somaliya ce, mahaifinta jami'in jakadanci, tana karatu a jami'ar Nairobi, tana jin harsuna biyar. Amma Peter Beard, mai ɗaukar hoton da ya gan ta a Nairobi, sai ya shaida wa 'yan jarida cewa wai a daji ya tsinto ta tana kiwo, ko Turanci ba ta ji, domin ya san irin labarin da Turawa ke son ji game da 'yar Afirka ke nan. Ita ce daga baya ta riƙa warware wannan ƙarya da bakinta. Ta kuma ba da labarin aikinta na farko da Vogue a 1976, inda mai yi musu kwalliya ya tambaye ta ko ta zo da hodarta, gama shi ba shi da ta baƙar fata. Ya haɗa abin da ya samu ya shafa mata, hoto ya fito fuskarta toka-toka. Daga ran nan ta koyi haɗa tata, ba ta zuwa wurin aiki sai da ita a jaka, har a 1994 ta kafa kamfanin kayan kwalliya mai sunanta domin mata masu duhun fata. Da a ce yarinyar kwamfuta ce, wa zai ji zafin tokar nan har ya kafa kamfani?

Na kusa da mu kuma shi ne abin da ya faru a 2017, sau biyu cikin 'yan makonni. A watan Oktoba mujallar jaridar Evening Standard ta London ta sa mawaƙiyar nan Solange Knowles a bango, bayan an goge wani tsararren kitso mai kama da kambi da aka yi mata a ka, alhali a cikin hirar da aka yi da ita har ta yi maganar darajar kitso ga baƙaƙen mata. A watan Nuwamba kuma mujallar Grazia ta Ingila ta yi wa Lupita Nyong'o, 'yar Kenya da ta ci kyautar Oscar a 2014, irin wannan. An ɗauke ta da gashinta na halitta a ɗaure ta baya, amma da mujalla ta fito sai aka ga an datse shi, an kwantar da sauran ya yi santsi. Lupita ba ta yi shiru ba. Ta fito da hotunan asali ta jera su da na bangon, ta ce ta ji takaicin a gayyace ta sa'an nan a gyara gashinta don ya dace da abin da wasu suke ɗauka shi ne kyakkyawan gashi, ta ce da an tambaye ta ba za ta yarda ba. Mujallu biyun duk sun nemi gafara, mai ɗaukar hoton Lupita kuma ya fito ya ce kuskurensa ne. Tun daga nan duk editan da zai taɓa gashin baƙar mace sai ya yi tunani sau biyu.

Wadda labarinta ya fi taɓa ni ita ce Halima Aden, kuma ina jin zai taɓa da yawa daga cikinku. An haife ta a 1997 a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a ƙasar Kenya, iyayenta 'yan Somaliya, ta girma a jihar Minnesota ta Amurka. Ita ce ta fara yin suna a wannan sana'a da hijabinta. Ta hau bangon Vogue ta ƙasashen Larabawa a 2017, ta hau ta Ingila a 2018 tare da wasu, kuma a cikin yarjejeniyar aikinta an rubuta cewa ba za ta cire hijabi ba, za a kuma keɓe mata wurin sauya kaya. Kowa ya ce an ci nasara. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A watan Nuwamba na 2020 sai ta ba da sanarwar ta ajiye aikin. Ta ce a hankali a hankali masu shirya ta suka riƙa rage hijabin suna sauya masa kama, yau a naɗa mata wani ƙyalle, gobe hula, har ranar da aka ɗora mata wandon jins a ka a maimakon mayafi, ta koma masauki tana kuka. Ta ce salla ta sha wuce ta a wurin aiki. Ba ta ɗora wa kowa laifin duka ba, ta ce ita ma ta fifita samun dama a kan abin da ya fi muhimmanci, amma ta nuna cewa rashin mata Musulmi cikin masu shirya kayan shi ne tushen matsalar, domin wanda bai san mene ne hijabi ba zai ɗauka duk abin da ya rufe gashi ya wadatar.

To yanzu ku kawo a ranku kamfani yana son ya sayar wa matan Musulmi kaya, kasuwar da kowa ya san tana da kauri. A da dole ya nemi irin su Halima, ya saurari sharuɗɗanta, ya jira ta idar da salla. Yau yana iya cewa kwamfuta ta zana masa mai hijabi, baƙa ko wankan tarwaɗa, ya zame mayafin baya yadda ya ga dama, ya matse rigar yadda ya so. Ba za ta yi kuka a masauki ba, ba za ta ajiye aiki ba, ba kuwa za ta faɗa wa duniya abin da aka yi mata ba. A ganina nan ne gizo ke saƙar.

Kada a ce zato nake yi, domin an riga an gwada. A 2017 wani Baturen Ingila mai ɗaukar hoto, Cameron-James Wilson, ya ƙera wata baƙar mace a kwamfuta ya sa mata suna Shudu, doguwa, baƙa wuluk, mai dogon wuya. Mutane da yawa sun ɗauka mutum ce. A 2018 kamfanin kayan kwalliya na Fenty Beauty ya yaɗa hotonta da jan bakinsa, kamfanin Balmain na Faransa kuma ya sa ta a talla. Baƙaƙen mata masu wannan sana'a suka ce, mu da muke layi shekara da shekaru ana ce mana babu gurbi, ashe gurbin yana nan, mu ne ba a so a biya. Don a yi masa adalci, daga baya ya riƙa ɗaukar baƙaƙen mata na gaske suna sa tufafin ana ɗora siffar Shudu a kansu, ana kuwa biyansu. Amma ku lura da yadda abin ya juye: mai rai ta zama 'yar aikin wadda ba ta da rai, sunan da ake sani kuma na Shudu ne. A 2023 kamfanin Levi's ya ce zai yi amfani da irin waɗannan ƙerarrun mutane wai don masu saye su ga launin fata iri-iri a tallarsa. Jama'a suka ce masa in launi iri-iri kake so, ga mutane nan iri-iri suna neman aiki. Sai ya dawo yana gyara zance.

Akwai kuma wata magana da matan nan biyu masu kamfanin Seraphinne Vallora suka faɗa wadda ta fi tallar kanta ban tsoro. Da aka tambaye su me ya sa 'yan matan da suke ƙerawa kusan duk kamarsu ɗaya, farare, sirara, matasa, sai suka ce sun gwada sa masu wasu launukan fata a shafinsu na Instagram amma jama'a ba su kula su ba, su kuwa kasuwa suke nema. Ban ga laifinsu a kan faɗin gaskiya ba. Sai dai wannan yana nuna mana yadda injin yake aiki. Ita kwamfutar ba ta san kyau ba. Miliyoyin hotunan da aka riga aka buga ake ɗura mata, waɗanda yawancinsu an riga an gyara su, aka kuma zaɓe su bisa son ran editocin da suka shekara 82 ba su ga baƙar da ta isa hawa bango ba. Daga cikinsu take koyon abin da ake kira kyakkyawa. Sa'an nan a fito da abin da ta zana, a duba wanda jama'a suka fi so, a ƙara yin irinsa. Katin Shirley ne ya dawo ta bayan gida.

Batun kuɗi kuwa a fili yake. Hoto ɗaya na mujalla ba aikin mutum biyu ba ne. Akwai mai ɗaukar hoto da yaransa masu riƙe fitila, akwai mai kwalliya, mai gyaran gashi, mai zaɓen kaya, mai guga, tela mai jiran ko-ta-kwana, direba, mai abinci, ga kuɗin jirgi da masauki in waje za a fita. Mafi yawan waɗannan ba masu albashin wata ba ne, aikin yini suke yi. Manyan taurari ba su da fargaba tukuna, gama sunansu ake saye. Waɗanda za su fara jin jiki su ne ƙananan da ba a san sunansu ba, masu sa riga hamsin a yini don kundin tallar kanti, alhali da irin wannan aikin ne suke biyan haya kafin Allah ya ɗaga su. In aka cire matakalar ƙasa, ta ina za a hau sama? Masu ɗaukar hoto ma haka. Sai a 2018, bayan shekara 126, baƙin mutum ya fara ɗaukar hoton bangon Vogue ta Amurka, watau Tyler Mitchell, yana ɗan shekara 23, wanda ya ɗauki mawaƙiya Beyoncé. Ƙofar da aka daɗe ana bugawa ba ta gama buɗewa ba ga shi ana shirin rushe ɗakin.

Wasu kamfanoni sun ɗauki hanyar tsakiya. A watan Maris na 2025 kamfanin H&M na ƙasar Sweden ya ce zai yi wa masu tallan kaya 30 abin da ya kira tagwayen kwamfuta, watau a kwafi siffar mutum da izninsa, shi ke da mallakarta, a biya shi duk lokacin da aka yi aiki da ita. Wannan ya fi ƙera mutum daga babu, amma mai kwalliya da mai riƙe fitila fa? Su ba su da tagwaye.

Hukumomi dai suna biye, amma da ɗingishi. Bayan mutuwar wasu 'yan mata masu wannan sana'a saboda ƙin cin abinci, irin su Ana Carolina Reston 'yar Brazil da ta rasu a 2006 tana da shekara 21, ƙasashen Turai suka fara farkawa. Faransa ta kafa doka wadda ta fara aiki ran 1 ga Oktoba 2017, cewa duk tallar da aka rage ko aka ƙara jikin mai tallar da kwamfuta dole a rubuta a jiki cewa an gyara hoton, in ba haka ba tarar Yuro 37,500, ko kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da aka kashe a tallar. Amma dokar ba ta taɓa batun launin fata ko gashi ba, watau abin da aka yi wa Lupita bai shiga ciki ba. Norway ta bi sahu a 2022, ita har da fata ta haɗa. Jihar New York kuma ta yi dokar kare ma'aikatan wannan sana'a wadda ta fara aiki a watan Yuni na 2025, bayan doguwar fafutikar wata ƙungiyarsu mai suna Model Alliance, kuma a cikinta an ce ba a kwafar siffar mai talla a kwamfuta sai da izninta a rubuce. Duk waɗannan suna kare mace mai rai ne daga a taɓa hotonta. Wadda aka ƙera daga babu ba ta da hoton asali da za a ce an gyara, ba ta da iznin da za a nema.

Ko rubutun gargaɗin ma kada mu dogara da shi da yawa. Wata malama a jami'ar Flinders ta ƙasar Ostareliya, Marika Tiggemann, ta yi gwaje-gwaje a kan haka, inda ta samu cewa rubuta an gyara hoto ba ya hana mace jin ta raina jikinta bayan ta kalla. Ido ya riga ya gani, zuciya ta riga ta auna, kafin hankali ya karanta ɗan rubutun da ke gefe.

A nan gida akwai abu biyu da suka sa na ce maganar ta shafe mu. Na farko, hukumar kula da tallace-tallace ta Nijeriya, ARCON, ta hana amfani da baƙi 'yan ƙasashen waje a tallar da ake yi domin 'yan Nijeriya tun daga ran 1 ga Oktoba 2022, don 'ya'yanmu su samu aikin. Niyya ce mai kyau. To amma yarinyar da aka ƙera a kwamfuta aka ɗaura mata ɗankwali aka sa mata leshi, 'yar wace ƙasa ce? Wa zai nemi fasfonta? Ya kamata hukumar ta dubi wannan tun kafin masu talla su gano cewa ita ce mafi arha.

Na biyu ya fi kusa da ɗakunanmu. A 2023 hukumar NAFDAC ta ce shafe-shafen man bilicin ya kai matsayin da za a ɗauke shi matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Ba mujallar Vogue ce ta kawo mana son farar fata ba, kada mu ɗora wa baƙo laifin da muka san na gida ne. Amma duk wadda ta je biki a 'yan shekarun nan ta ga yadda hoton amarya ya koma. Akan yi mata kwalliya har uwar da ta haife ta ta yi ta kallo, sa'an nan mai hoto ya ɗauka ya ƙara haske, ya share, ya tsuke hanci, ya fito da wata dabam. Na taɓa zama a gidan wani biki inda aka miƙo wa kakar amarya kundin hotuna, ta juya shafi uku tana yabawa, kana ta tambaya, to ina tamu yarinyar? Aka yi dariya, amma amaryar ba ta yi ba. Salon da masu hoton nan suke kwaikwayo daga mujallun can ya gangaro, kuma yanzu da wayar hannu kowace yarinya tana iya yi wa kanta cikin daƙiƙa. Wadda ta saba ganin fuskarta a haka, ranar da ta dubi madubi me za ta gani? Daga nan zuwa shagon mai haɗa man shafawa taku nawa ne?

Kuma ba wai ba mu da namu abin koyi ba ne. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hoton kitson matan Nijeriya tun 1968, ya bi tituna da ofisoshi da wuraren biki har ya tara kusan dubu. Mafi yawa ta ƙeya yake ɗauka, baƙi da fari, babu abin da ya ƙara babu abin da ya rage, ya kuma rubuta sunan kowane kitso. Hotunan nan an rataye su a babban baje kolin fasaha na birnin Venice a 2013. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948, mata suna zuwa da atamfarsu da awarwaronsu su zauna yadda suke so a gan su, yau kuwa manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka suna alfahari da mallakar hotunansa. Ɗan garinsu Malick Sidibé ya karɓi babbar kyautar Venice a 2007, har jaridar New York Times ta ba shi aikin ɗaukar hoton kayan ado a 2009, ya yi shi a shagonsa na Bamako da mutanen garinsa. Duk matan da ke cikin waɗannan hotuna sun rayu, an yi musu kitson nan da hannu, sun ji zafinsa a ƙeya, wasunsu jikokinsu suna nan suna nuna hoton suna cewa ga kakarmu.

Ina son jin ta bakin telolinmu mata da masu kwalliyar amare da ke karanta wannan fili, musamman a kan abu ɗaya: sau nawa aka kawo muku hoton ɗinki ko na kwalliya a waya aka ce irin wannan ake so, kuka duba kuka ga babu yadin da zai zauna haka a jikin mutum, babu kuma fuskar da za ta ɗauki wannan hasken? Me kuka ce wa mai kayan? Ku aiko da wasiƙunku, za mu buga waɗanda fili ya ɗauka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.